Darasi a waya, asibiti a tsakiyar hamada: ƙarin ilimin ma'aikatan lafiya na Aborijin

Kowace shekara, kafin 30 ga Nuwamba, duk ma'aikacin lafiya ɗan Aborijin ko ɗan tsibiran mashigin Torres, wato 'yan asalin ƙasar Ostireliya tun kafin zuwan Turawa, da ke da rajistar ƙasa sai ya sabunta rajistarsa. Cikin abubuwan da zai sa hannu a kai har da cewa ya yi awa 20 na ƙarin ilimi a shekarar, kuma aƙalla awa 5 daga ciki ya yi su ne tare da wasu ma'aikata, ana faɗa ana amsawa. Ƙa'idar ta fara aiki a Disamban 2019. Ga wanda ke aiki a Sidni ko Melbon, wannan abu ne mai sauƙi: taron bita na kwana biyu a wani otal, ya cike sauran da 'yan laccoci, shi ke nan. Ga wanda ke Kintore, mai nisan fiye da kilomita 500 yamma da Alice Springs, garin da ke tsakiyar ƙasar, ko Wadeye, garin da damina ke yanke masa hanyar mota na tsawon watanni, awa 20 ɗin nan tana nufin kuɗin ƙaramin jirgi, da masauki, da barin iyali, da barin asibitin da mai yiwuwa shi kaɗai ne mai jin harshen marasa lafiya a cikinsa.

Saboda haka babu mamaki da gwamnati, jami'o'i da ƙungiyoyin lafiya suka karkata ga intanet. A zuba darussa a shafi, a yi manhajar waya, a haɗa mutane ta bidiyo, kowa ya koya daga inda yake. Tunanin yana da kyau, kuma a wasu wuraren ya yi aiki sosai. Sai dai idan aka duba inda ya yi aikin da inda ya cije, za a ga cewa nisa ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da ke tare wa waɗannan ma'aikata hanya, kuma shi ne mafi sauƙin magancewa.

Kafin a je can, ya kamata a san su wane ne. Aikin iri biyu ne. Akwai waɗanda suka yi kwas na mataki na huɗu a fannin kula da lafiya matakin farko, suka yi rajista da hukumar da ke kula da sana'ar. Tun 1 ga Yulin 2012 aka shigar da su cikin tsarin rajista na ƙasa, tsari ɗaya da na likitoci da ma'aikatan jinya, ƙarƙashin hukumar Ahpra. Kafin nan Yankin Arewa (Northern Territory), mai gwamnatin kansa kamar jiha, shi kaɗai ke yi musu rajista, tun tsakiyar shekarun 1980. Waɗannan suna auna mara lafiya, su ɗibi jini, su yi allura, su wanke rauni, a wasu jihohin har su ba da magani bisa rubutacciyar ƙa'ida. Yawansu a duk faɗin ƙasar wajen 1,000 ne. Sai rukuni na biyu, ma'aikatan da ba su da wannan rajista, masu aikin wayar da kai, bibiyar marasa lafiya gida-gida, da shiga tsakanin likita da iyali. Dokar awa 20 ba ta hau kansu ba, wanda ke nufin idan kuɗin horo ya yi ƙaranci su ake fara mantawa da su. Ƙungiyar NAATSIHWP, wadda aka kafa a 2009, ita ke magana da yawun rukunin biyu.

Asalin sana'ar yana da alaƙa da gwagwarmayar mutanen da kansu. A 1971 Aborijin mazauna unguwar Redfern a Sidni suka buɗe asibitinsu na farko, saboda irin wulaƙancin da suke gamuwa da shi a asibitocin gwamnati. A 1973 Aborijin suka kafa ƙungiyar Congress a Alice Springs, wadda ita ma ke gudanar da asibitocinta. Yau asibitocin da al'umma ke gudanarwa da kanta sun haura 140, a ƙarƙashin inuwar NACCHO, uwar ƙungiyarsu ta ƙasa. Ma'aikacin lafiya ɗan gari shi ne ƙashin bayan wannan tsari, domin shi ya san gidan da za a shiga da wanda ba za a shiga ba, ya san wace tsohuwa ce za ta iya sa saurayi ya dawo karɓar allura.

Wani bincike da aka wallafa a 2017 kan ƙananan asibitocin gwamnati 53 a ƙauyukan Yankin Arewa ya nuna irin nauyin da ke kansu. Tsakanin 2013 da 2015, sauyin ma'aikatan jinya a shekara ya kai kashi 148 cikin 100, wato kujera ɗaya tana ganin fiye da mutum ɗaya a shekara. Na ma'aikatan lafiya 'yan Aborijin ya tsaya a kashi 79, wanda shi ma ba ƙarami ba ne. Idan aka haɗa su duka, mutum ɗaya cikin biyar ne kaɗai ke nan a asibitin da ya fara bayan wata 12. A irin wannan yanayi, ma'aikaciyar da ta shekara goma sha a asibitin ƙauyensu ita ce ke riƙe da tarihin wurin a kanta. Nas ta zo ta tafi, likita ya sauka a jirgi ya tashi da yamma, ita tana nan. Idan iliminta ya tsufa, babu wanda zai lura da wuri.

Kuma ilimin yana tsufa da sauri, saboda cututtukan da suke fama da su masu sarƙaƙiya ne. Ciwon suga da ciwon ƙoda da ke kai mutane wankin ƙoda tun suna matasa. Ciwon kunne mai fitar da mugunya a jarirai, wanda ke taɓa ji, ya taɓa karatu. Ƙazuwa da gyambon fata. Ciwon zuciyar da ke biyo bayan zazzaɓin gaɓoɓi, wanda ya kusa ɓacewa a sauran jama'ar ƙasar amma yana nan daram a gidajen da mutane suka yi cunkoso. Ga tunjere, wadda ta ɓarke a arewa maso yammacin Queensland a 2011 ta bazu zuwa Yankin Arewa, Ostireliya ta Yamma da ta Kudu. Alƙaluman hukumar ƙididdiga na 2020 zuwa 2022 sun nuna namiji ɗan asalin ƙasa yana rayuwa shekara 71.9 a matsakaici, mace 75.6, kimanin shekara 8 zuwa 9 ƙasa da sauran jama'a. A yankuna masu nisa adadin ya sauka zuwa 67.3 da 71.3. Ƙa'idojin maganin waɗannan cututtuka suna canzawa duk bayan 'yan shekaru, kuma wanda bai ji canjin ba zai ci gaba da yin tsohon abu da kyakkyawar niyya.

Karatu daga nesa tsohon abu ne a Ostireliya. A 1951 aka fara makarantar rediyo a Alice Springs, ana amfani da na'urorin sadarwar likitocin da ke yawo a jirgi, don koyar da yaran da ke zaune a manyan gandayen shanu. Abin da ake yawan mantawa game da wannan makaranta shi ne, rediyon bai taɓa yin aikin shi kaɗai ba. A kowane gida akwai babba, uwa ko wata da aka ɗauka aiki, da ke zama da yaron tana bin darasi da shi, kuma lokaci-lokaci ana tara yaran a gari su ga malaminsu ido da ido. Waɗanda suka tsara ta sun san cewa murya daga nesa tana buƙatar mutum a kusa. Yawancin muhawarar da ake yi yau kan darussan intanet na ma'aikatan lafiya tana komawa ne ga wannan batu.

Kayan da ake da su yanzu suna da yawa. Shafin HealthInfoNet na Jami'ar Edith Cowan, wanda aka fara a 1997, yana tara bincike da kayan aiki wuri ɗaya. Cibiyar bincike ta Menzies da ke Darwin, babban birnin Yankin Arewa, ta yi darussan intanet da manhajar waya kan ciwon zuciyar nan, da wata manhajar kan ciwon kunne, da kuma Stay Strong, wadda ma'aikaci ke buɗewa tare da mai neman taimako su yi hira kan damuwa da abin da ke ƙarfafa shi. CRANAplus, ƙungiyar ma'aikatan lafiya na yankuna masu nisa, tana da kwasa-kwasan agajin gaggawa da na haihuwa. WellMob, wanda aka buɗe a 2020, yana tara bidiyo da manhajojin lafiyar ƙwaƙwalwa da aka yi don 'yan asalin ƙasa. Ba a rasa abin karantawa ba.

A ganina wanda ya fi amfani a cikinsu duka bai ma yi kama da darasi ba. Littafin CARPA ne, kundin ƙa'idojin magani da ake amfani da shi a ƙananan asibitocin tsakiya da arewacin ƙasar tun farkon shekarun 1990, tare da 'yan uwansa: littafin lamuran mata, littafin yadda ake gudanar da ayyukan jinya, da littafin magunguna da aka rubuta musamman don ma'aikatan Aborijin, da hotuna da Turanci mai sauƙi. Yanzu duka suna intanet. Ma'aikaci yana buɗe shi ne a daidai lokacin da yaro mai zazzaɓi da kumburin gwiwa ke zaune a gabansa. Ya karanta, ya yi, ya ga sakamako. Abin da aka koya a irin wannan lokaci yana zama. Kuma idan an gyara ƙa'ida, kwafin intanet yana sauyawa ba tare da an jira motar da za ta kawo sabon bugu ba. Duk da haka za ka samu asibitoci suna ajiye na takarda a kan tebur, kuma suna da hujja, domin littafi ba ya neman sabis.

Misali na biyu shi ne shirin QAAMS na Jami'ar Flinders, wanda tun 1999 yake koya wa ma'aikatan Aborijin gwada jinin masu ciwon suga da wata ƙaramar na'ura a cikin asibitin, sakamako ya fito cikin 'yan mintoci maimakon a aika jini birni a jira kwanaki. Akwai darussan bidiyo da jarrabawa a intanet, amma shirin bai tsaya nan ba. Ana aiko wa asibiti samfuran gwaji, ma'aikaci ya gwada ya mayar da sakamako, can a duba ko ya yi daidai. Akwai lambar waya da mutum zai ɗauka idan na'ura ta ƙi. Akwai taron bita da ake haɗuwa. Da cutar korona ta zo a 2020, gwamnati ta rufe shiga ƙauyuka masu nisa a ƙarshen Maris, sai Flinders da cibiyar bincike ta Kirby da ke Sidni suka bi irin wannan tsari suka horar da ma'aikata ta bidiyo kan na'urar gwajin cutar. Ya yiwu ne saboda aikin ƙayyadadde ne, na'urar tana gaban mai koyo, malami yana kallon hannunsa ta kyamara yana gyara masa, kuma washegari zai yi amfani da abin da ya koya.

A kwatanta wannan da allurar ciwon zuciya. Yaron da ya taɓa yin zazzaɓin gaɓoɓi sai an yi masa allurar fenisilin mai daɗewa a jiki duk bayan mako uku ko huɗu, shekara da shekaru, don kada ciwon ya dawo ya lalata ƙofofin zuciyarsa. Allurar tana da kauri, tana da zafi ƙwarai. Darasin intanet zai gaya maka a bar maganin ya ɗan yi ɗumi, a tura shi a hankali, a zaɓi wurin da ya dace a ɗuwawu, a yi amfani da abin rage zafi. Duk gaskiya ne, kuma mutum zai iya cin jarrabawar da maki cikakke. Amma gano wurin da yatsa a jikin yarinya 'yar shekara tara da ke kuka, da sanin saurin da ya dace, da abin da za ka faɗa mata har ta yarda ta dawo wata mai zuwa, wannan sai wanda ya iya ya tsaya a bayanka sau da yawa. Yaron da aka yi wa allura ɗaya da mugun hannu zai iya gudun asibiti na tsawon shekara. Haka duba kunnen jariri da madubin kunne: hotuna dubu na cikin kunne suna taimakawa wajen gane abin da ka gani, amma ba su koya maka riƙe kan yaro. Shi ya sa kwasa-kwasan CRANAplus na gaggawa suke haɗa karatun intanet da zaman kwanaki ana gwadawa da hannu. Haɗarin shi ne mai riƙe da kasafin kuɗi ya ga rabin farko ya fi araha, ya ce ya wadatar.

Sai maganar sabis, wadda kowa ya fi sani. Ma'aunin shigar jama'a duniyar intanet na 2023 ya nuna 'yan asalin ƙasa suna bayan sauran jama'a da maki 7.5, amma a yankuna masu nisa tazarar ta haura maki 20. Masu bincike na Jami'ar RMIT sun ƙiyasta cewa kashi 43 cikin 100 na ƙauyuka da ƙananan matsugunan 'yan asalin ƙasa 1,545 ba su da sabis na waya ko kaɗan. Inda akwai, mafi yawan mutane da katin waya suke saye, wanda datarsa ta fi tsada, kuma wayar sau da yawa ta gida ce, tana yawo daga hannu zuwa hannu. Asibitin kansa yakan sami intanet ta tauraron ɗan'adam, na Sky Muster da aka harba a 2015 da 2016, ko Starlink a 'yan shekarun nan, amma hadari mai nauyi yana katse shi, kuma kwamfutar da ke ɗakin duba marasa lafiya ta rubuta bayanansu ce. Babu wanda zai zauna a kanta yana kallon lacca alhali layi ya kai ƙofa.

Wanda zai ce to a yi karatun a gida da dare, ya duba batun wuta. Gidaje da yawa a ƙauyukan Yankin Arewa mita mai kati gare su, kuɗi na ƙarewa wuta ta ɗauke. Wani bincike kan gidaje 3,300 a ƙauyuka 28 ya gano cewa a shekarar kuɗi ta 2018 zuwa 2019 kashi 91 cikin 100 sun fuskanci yankewar wuta, kashi 74 kuma fiye da sau goma. Ƙara da cunkoso, gida mai ɗaki uku da mutum goma sha a ciki. Ma'aikaciyar lafiya tana zaune ne a irin wannan gida, ba a gidan ma'aikata mai na'urar sanyaya ɗaki da ake bai wa nas baƙuwa ba. Wannan bambanci na masauki tsohon ƙorafi ne a sana'ar. Gwamnatocin ƙasar sun yi alƙawari, a buri na 17 na yarjejeniyar cike giɓin da ke tsakanin 'yan asalin ƙasa da sauran jama'a, cewa zuwa 2026 'yan asalin ƙasa za su yi daidai da kowa a samun intanet. Burin da ya shafi eriya da waya ne, bai taɓa mitar wuta ba.

Amma ko da sabis ya wadata gobe, matsalar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya tana nan, wato lokaci. Tafiya bita Darwin ko cibiyar koyarwa ta Batchelor tana da tsada, amma tana da wata fa'ida da ba a rubuta ta a takarda: tana fitar da mutum daga asibiti. Mako guda babu mai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Yana haɗuwa da takwarorinsa daga wasu ƙauyuka, ya ji cewa abin da ke damunsa yana damun wasu. Da aka mayar da darasin cikin waya, sai ya zama abin da za a yi "idan an samu sarari", kuma a asibitin da ma'aikata ba su isa ba sarari ba ya samuwa. Ma'aikacin ɗan gari ma bai da lokacin tashi na gaskiya, domin 'yan uwa suna zuwa gidansa da dare da yaro mara lafiya, kuma ba zai iya cewa ya tashi daga aiki ba. Idan shugaban asibiti bai ware awanni a cikin lokacin aiki ba, bai kuma nemo wanda zai riƙe wurin ba, to abin da aka yi shi ne an ɗauke kuɗin horo daga kan hukuma an ɗora shi a kan barcin ma'aikaci da datarsa.

Harshe ma yana nan. Ƙidayar 2021 ta samu harsunan 'yan asalin ƙasa 167 da ake magana da su a gida. A Yuendumu Warlpiri ake yi, a Wadeye Murrinh Patha, a Galiwin'ku harsunan Yolngu, a wurare da yawa na arewa kuma Kriol. Ga ma'aikata da dama a can Turanci harshe na uku ne ko na huɗu. Suna jin sa, suna aiki da shi, amma darasi mai dogon rubutu da jarrabawar zaɓi ɗaya cikin huɗu, wadda aka gina tambayoyinta da dabarar rikita mai amsawa, tana auna iya Turancin jami'a ne fiye da iya aiki. Macen da ta shekara 25 tana karɓar haihuwa da kula da jarirai za ta iya faɗuwa irin wannan jarrabawa, ta ji kunya, ta ƙi sake buɗe shafin. A aji malami zai ga fuskarta ya sake bayani ta wata hanya. Cibiyar Batchelor, mai nisan kimanin kilomita 100 kudu da Darwin, ta daɗe tana koyarwa bisa aƙidar haɗa ilimin gargajiya da na boko, kowanne a ba shi matsayinsa, kuma yawancin wannan yana faruwa ne ta hira a zaune.

Akwai kuma abubuwan al'ada da mai tsara manhaja a birni ba zai yi tunaninsu ba sai an gaya masa. A al'ummomi da yawa lamuran maza daban, na mata daban, kuma ba a tattauna na wani jinsi a gaban ɗayan. Darasi kan tunjere ko haihuwa da ke nuna hotunan al'aura, a buɗe shi a ɗakin shan shayi na ma'aikata inda maza da mata ke zaune, zai sa mutane su tashi su fita. Akwai dangantakar da ke hana mutum biyu magana ko zama wuri ɗaya, musamman suruka da mijin 'yarta. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, ko da yake tasu ta fi tamu tsauri. Idan aka haɗa asibitin ƙauye a taron bidiyo aka ce kowa ya yi magana, shirun da zai biyo baya mai koyarwa zai iya ɗaukarsa rashin sha'awa, alhali wani ne a ɗakin da ba a magana a gabansa. Sannan idan mutum ya rasu, a wurare da yawa ana daina kiran sunansa da nuna hotonsa na wani lokaci, abin da ya sa gidajen talabijin na ƙasar ke yin gargaɗi kafin su nuna wasu shirye-shirye. Bidiyon koyarwa mafi kyau shi ne wanda aka ɗauka da mutanen gari cikin harshensu, kuma shi ne wanda rasuwar mutum ɗaya za ta iya sa a ajiye shi. Dole a yi shiri tun farko kan wa zai ba da izinin ci gaba da nuna shi, da kuɗin sake ɗauka. Zaman makoki kansa yana ɗaukar kwanaki ko makonni, kuma kwas ɗin da ke rufe ƙofa a ranar da aka sa ba ya sanin haka.

Wata tambayar da ba a cika yi ba ita ce don wa aka rubuta darasin. Shirin RAHC, wanda aka kafa a 2008 don tura ma'aikatan lafiya aikin wucin gadi a ƙauyukan Yankin Arewa, ya samar da darussan intanet kyauta masu kyau, amma an gina su ne da farko don shirya likitoci da nas-nas na birni da za su je aikin 'yan makonni a ƙauye. Kaso mai yawa na abin da ake kira horon lafiyar 'yan asalin ƙasa haka yake: yana bayyana Aborijin ga baƙo. Ma'aikaciyar da aka haifa a wurin ba ta buƙatar a gaya mata yadda ake gaisawa a garinsu. Abin da take nema shi ne zurfi a fannin magani, da hanyar hawa gaba a aiki. Kuma ita ce ke koya wa kowace sabuwar nas yadda garin yake, sau uku ko huɗu a shekara, aikin koyarwa na gaske da ba kasafai ake biyanta ko a rubuta mata shi ba.

Tsarin da ya fi kusa da magance wannan shi ne irin na ECHO, wanda likita Sanjeev Arora ya fara a Jami'ar New Mexico a 2003 don ciwon hanta, kuma ana amfani da shi a Queensland. Maimakon lacca, ma'aikata daga wurare daban-daban suna haɗuwa ta bidiyo a kai a kai, ɗaya ya kawo matsalar wani mara lafiya, a tattauna tare da ƙwararru. A nan ma'aikacin ƙauye yana da abin bayarwa, domin shi ya san dalilin da ya sa maganin da ƙwararren ya rubuta ba zai shawu a gidan da babu firji ba. Irin wannan zama yana cike awa 5 ɗin da doka ta nema. Matsalarsa sirri ne. A garin mutum 400, cire suna ba ya ɓoye kowa. Ka ce mace mai shekara 30 da 'ya'ya huɗu da ciwon ƙoda, duk wanda ke da dangi a can ya gane ta, kuma dangantaka a wannan yanki tana ratsa ɗaruruwan kilomita.

Masu ba da kuɗi suna son lamba, kuma manhaja tana ba da lamba cikin sauƙi: mutum nawa suka shiga, nawa suka gama, satifiket nawa aka fitar. A nan ake yi wa rogo kallon kitse. Yawan satifiket ba ya nuna ko yara nawa suka karɓi allurarsu a kan lokaci, ko kunnuwa nawa aka duba daidai. Waɗannan ana iya auna su, domin asibitocin suna da bayanan a kwamfuta, amma haɗa su da horon da aka yi aiki ne mai wuya da tsada, don haka aka fi tsayawa a kan ƙirgen da ya zo a sauƙaƙe.

Mai karatu a Najeriya zai ga kama da ma'aikatan lafiya na al'umma da ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara, waɗanda su ma suke aiki da kundin ƙa'idoji a hannu, kuma ake neman su yi ƙarin horo kafin sabunta lasisi. Bambancin shi ne Ostireliya ƙasa ce mai arziki, tana da kuɗin harba tauraron ɗan'adam don karkara, amma duk da haka batun wanda zai riƙe asibiti idan ma'aikaci ya zauna karatu bai warware ba.

Abin da ke sa lamarin ya zama na gaggawa shi ne shekarun ma'aikatan. Nazarin alƙaluman ƙidaya ya nuna yawansu ya tashi daga 1,009 a 2006 zuwa 1,347 a 2016, amma a Yankin Arewa ya ragu, kason maza da na matasa ya ragu, na masu manyan shekaru ya ƙaru. Tsarin ƙasa na 2021 zuwa 2031 yana son 'yan asalin ƙasa su kai kashi 3.43 cikin 100 na ma'aikatan lafiya, daga kashi 1.8 a 2016, kuma a 2022 gwamnatin tarayya ta ware kuɗi don NACCHO ta horar da sababbin ma'aikata har 500. Wani ɓangare na karatunsu zai bi ta kwamfuta. Amma kowane ɗalibi sai ya yi awanni masu yawa na aiki a asibiti ƙarƙashin kulawar wanda ya iya, kuma a ƙauyuka masu nisa waɗanda suka iya ɗin su ne waɗannan 'yan tsirarun dattawan ma'aikata, masu duba marasa lafiya da safe, su yi wa baƙuwar nas tafinta da rana, su kuma nemi inda za su cusa tasu awa 20 kafin ƙarshen Nuwamba. Duk ɗalibin da aka ƙara, a kan lokacin ɗaya daga cikinsu aka ƙara shi.